Ranar da Inuwa Ta Bar Zangon Tama

Tsofaffin da suka riga mu ganin duniya sun ba da labarin wani gari a bakin hamada, ana ce masa Zangon Tama, wanda mutanensa suka wayi gari wata rana babu inuwa. Inuwar ce ta tattara nata ya nata ta bar garin: ta itace, ta katanga, ta jaki, har ta mutum. Kana cikin ɗakinka, rufi na bisa kanka, amma rana na dukanka kamar kana tsaye a tsakiyar fili.

Mutum ɗaya aka bar wa tasa, shi ne Ranau mai rumfa, kuma shi ne ya ja wa garin wannan masifa. Gwani ne, wannan babu musu, don duk rumfar da ke kasuwar garin aikin hannunsa ce. Sai dai Allah ya zuba masa taurin kai da saurin fushi. A ganinsa inuwa abu ce da ake kafa wa dirka huɗu, a ɗora zana, ta zauna inda aka ajiye ta. Da itacen dirka ya yi masa wuya, sai ya ɗauki gatari ya nufi wata tsohuwar aduwa da ke bayan gari, wadda bareyi ke kwanciya a gindinta da tsakar rana. Uwarsa, Inna Hajo, ta ce ya bar itacen nan. Ya ce ai ba barewa ce ta dasa shi ba. Ya sare shi, kashegari inuwa ta tafi.

Kafin a jima garin ya watse, kowa ya ɗaura kayansa ya yi kudu. Ranau bai iya bin su ba. Inna Hajo makauniya ce, ƙafafunta sun daina ɗaukar ta, jikinta kuma ya yi laushin da ko ƙofar gida aka kai ta sai numfashinta ya sarƙe. Don haka ya zama rumfarta da kansa. Da safe ya tsaya gabas da ita, da yamma ya koma yamma, da tsakar rana kuwa, lokacin da inuwarsa ke shigewa ƙarƙashin sawunsa, sai ya durƙusa ya rusuna a kanta, rana na gasa masa gadon baya. Yana yi yana tsaki, yana zagin bareyi da iyayensu. Ita kuwa kullum ƙara bushewa take, ya san in aka ci gaba a haka binne ta zai yi.

Yana nan rusune wata rana sai ya ji sallama. Wata doguwar tsohuwa ce ta shigo, lulluɓe da farin zane. Da ya dubi ƙasa sai ya ga kofaton barewa a inda ƙafafun mutum ya kamata su kasance.

"Ya kai ɗan Adam mai gatari," in ji ta, "ni ce jakadiyar Magajiyar Bareyi. Inuwar garinku tana garken uwargijiyata a Ƙasar Tsakar Rana. In kana so ka je ka roƙo, hanya a buɗe take. Zan cire maka inuwarka in shimfiɗa wa tsohuwarka, ka tafi babu ita. Sharaɗi ɗaya ne. Duk inda zafin rana ya riske ka, ka zaɓi makwanci irin wanda barewa za ta zaɓa. In ka kuskure, za a yanke wani sashe na inuwar da ka baro gida."

Ranau ya yi dariya, duk da halin da yake ciki. Shi da ya tsufa yana yi wa mutane inuwa, yau dabba ce za ta gwada shi? Ya ce ya yarda. Jakadiya ta kama inuwarsa ta dunduniya, ta feɗe ta daga jikinsa, ta shimfiɗa wa Inna Hajo. Ya ajiye wa tsohuwarsa tulun ruwa da gumba kusa da hannunta. Har ya juya zai fita sai ya ga inuwar na ɗan zamewa gefe. Ransa ya ɓaci. Ya ɗauko turaku huɗu ya kafe ta tam a gefe da gefe, yadda ya saba yi wa zana in iska na son ɗaga ta. Jakadiya na kallonsa, ta girgiza kunne. Ya zuba sauran turakun a burgami, ya rataya gatari da buzu, ya kama hanyar arewa.

Ya wuce rairayin da ya sani, ya faɗa wanda bai sani ba. Ya bi ta wani fili inda duwatsu ke juyowa suna bin sa da kallo. Rana na kusa da tsaka ya iske wani kwazazzabo mai zurfi, a cikinsa akwai gamji wanda bai taɓa ganin mai girmansa ba. Rassansa sun sauko har ƙasa, inuwarsa baƙa wuluk, mai kauri. Ranau ya ce ai magana ta ƙare, ko makaho ya san wannan ita ce inuwa. Ya shige can ciki ya shimfiɗa buzu.

Bai daɗe ba ya ji gumi na karyo masa. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. Iskar wurin ta tsaya cik, zafin da duwatsu suka sha sai amayo shi suke cikin ramin. Ya ɗaga kai ya duba waje, bai ga komai ba sai ganye. Can sai warin naman daji ya cika masa hanci, wata murya ta yi magana dab da kunnensa.

"Marhabin da gajiyayye. Na daɗe ban sami baƙon da ya shigo madafata da ƙafarsa ba."

Aljani ne mai jikin damisa da fuskar mutum, ya kwanta a reshen da ke bisa kansa. Ranau bai tsaya amsa gaisuwa ba. Ya zare gatari ya yi ta saran saiwoyin da suka rufe hanya, aljanin ya kawo masa wafta ya tafi da rabin rigarsa. Da rarrafe ya fita kwazazzabon.

A bakin ramin ya tarar da Jakadiya zaune kan dutse da ƙwaryar ruwa a cinyarta. Ta ce ya leƙa. Ya leƙa, sai ga tsakar gidansu, ga Inna Hajo kwance, an yanke ƙafafun inuwar, sawun tsohuwa na cikin rana tana ta ƙoƙarin naɗe su. Jakadiya ta ce barewa ba baƙin inuwa take nema ba. Inda iska ke ratsawa take so, inda kuma za ta hango abin da ke tahowa tun yana nesa. Ranau ya ce don me ba ta faɗa masa haka tun a gida ba. Ta ce lokacin yana dariya, ba ta so ta katse shi ba.

Ya ci gaba yana ƙunƙuni. Ya ƙetare wani tafkin kawalwalniya inda mutanen ruwan ƙarya suka yi ta kiransa da muryoyin maƙwabtansa, suna miƙo masa fura mai sanyi. Ya toshe kunne ya wuce. Bayan nan ya shiga wani jan rairayi mai gurnani in an taka shi. Kashegari da hantsi ya ɗaga sai ya hango wani tudu da bagaruwa guda a kansa. Inuwarta shara-shara ce, amma iska na kaɗawa ta kowane gefe, kuma daga nan ana ganin ƙarshen duniya. Ya ce yauwa, wannan karon sai dai su nemi wani laifin. Ya shimfiɗa buzu a yammacin itacen, inda inuwar ta miƙe, ya kwanta.

Barci ya fara ɗaukarsa ke nan ya ji rana na cizon kafaɗarsa. Inuwar ta matsa. Ya ja buzu ya bi ta. Bai gama gyara kwanciya ba ta sake matsawa. Nan fa ransa ya kai maƙura. Shi dattijo mai gemu, wanda in ya shimfiɗa buzu a kasuwa sai dai a zo a same shi, shi ne zai wuni yana jan gindi a ƙasa saboda inuwar ƙaya? Ya zazzage burgami, ya ɗauki turaku, ya kafe ta a wuri huɗu.

Inuwar ta yi wani siririn kuka. Ta ja, ta ja, ta kasa kuɓuta. Rana ta ci gaba da tafiyarta, ita kuwa tana nan ɗaure. Gefenta ya fara yin fari kamar toka, farin ya yi ta cin ta zuwa ciki, ta yi zafi har ta fi filin da ke kewaye da ita. Kafin azahar ta mutu. Bagaruwar ta yi ta zubar da ƙaro.

Jakadiya ta ɓullo daga bayan tudun da ƙwaryarta. Wannan karon Ranau bai jira a ce ya leƙa ba. An yanke inuwar da ke kan Inna Hajo har ƙirji. Amma ba wannan ne ya firgita shi ba. Turakun nan huɗu ya gani, waɗanda ya kafa da hannunsa, gefen inuwar kuwa ya riga ya soma yin fari. Ruwan ya girgiza, hoton ya ɓace.

Ya juya zai koma gida da gudu. Babu hanya. Jakadiya ta ce an naɗe ta a bayansa kamar tabarma, ba a kuma warware ta sai a fadar Magajiya. Ya roƙa, ya yi zagi, ya yi jifa da sauran turakun, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Baƙin ciki ya ishe shi, don babu wanda zai ɗora wa laifin sai kansa, shi kuwa bai saba da haka ba. Daga ƙarshe ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, yadda barewa ke yi.

"Ba a aiko ni koyarwa ba, ya kai mai gatari," in ji ta. "Amma babu wanda ya hana ka kallo."

Ya kwana yana tafiya, bai sake tsayawa ba sai ƙofar Ƙasar Tsakar Rana, inda jiminu biyu na tagulla ke gadi. Suka shinshina shi, suka ga ba shi da inuwa, suka buɗe masa. A ciki ya ga abin da ya sa ya riƙe baki. Wani makeken fili ne, inuwoyin Zangon Tama duka suna kiwo a cikinsa kamar garken awaki. Ya gane ta tsamiyar kasuwa, ya gane ta masallaci, ya gane ta jakin maƙwabcinsa da gutsurarren kunnensa. A kan wani tudu Magajiyar Bareyi na kwance, fara fat, girmanta ya kai raƙumi, aljanu masu ƙaho sun kewaye ta.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a sakar masa inuwar garinsu, a kuma yi sauri.

"A ƙasar nan ba ma sauri, ɗan Adam," in ji Magajiya. "Kakanninmu sun kwanta a gindin aduwar nan tun ba a haƙa rijiyar garinku ba. Ka sare ta a hantsi guda. Yau za ka wuni a filina. Ga inuwa iri-iri, zaɓi makwancinka. In rana ta faɗi ba ta ƙona ka ba, za mu saurare ka. In ka kuskure, abin da ya rage wa uwarka namu ne."

Ya shiga filin. Nan da nan wata inuwa mai kusurwa huɗu ta rugo ta kwanta a gabansa, tana murna da ganin maigidanta. Ta rumfarsa ce, wadda ya fi alfahari da ita, ba ta da huda ko ɗaya. Ƙafarsa har ta ɗaga. Ya cije leɓe ya janye ta, ya juya yana neman wanda zai kalla.

Can gefe ya hango wata tsohuwar barewa mai ɗingishi, ya bi ta. Ita kuwa ba ta san yana sauri ba. Ta je gindin wani itace mai kyau, ta sa hanci a ƙasa, ta ƙi. Ranau ya taɓa wurin ya ji zafi rau: ƙasar ta sha rana tun safe, inuwar yanzu ta iso. Ta je wani, ta tsaya, ta ɗaga kai, ta ga duhuwa ta tare mata gani, ta wuce. Ta tsinki ganye, ta tauna a hankali, ta yi sosa. Ranau ji yake kamar ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta inda za ta. Duk takun da ta yi, turakun nan yake gani a ransa.

A ƙarshe ta gangara bakin wata busasshiyar ƙorama, inda gaɓar ta tare rana tun fitowarta. Akwai wata 'yar gajeriyar ƙaya a wurin, wadda ko akuya ba za ta kalla sau biyu ba. Barewar ta sa kofato ta yi ta tone rairayin sama tana watsarwa, har ta yi ɗan gurbi daidai jikinta. Ta kwanta, ta ba ƙayar baya, ta fuskanci iska, idonta na kan fili. Ranau ya matso zai raɓa, ta yi masa huci. Ya gane ba ta son cunkoso. Ya matsa gaba a bakin ƙoramar ya sami wata ƙayar irinta.

Ya durƙusa ya fara tono da hannu. Aljanun Magajiya suka fashe da dariya, suna nuna gwanin rumfa ya koma tonon rami da farce. Kunya da haushi suka rufe shi, amma bai daina ba. Da ya kawar da rairayin sama sai yatsunsa suka taɓa ƙasa mai sanyi, har da ɗan danshi. Duk shekarun da ya yi yana ɗora zana bisa kan mutane, bai taɓa tunanin sanyi na ƙarƙashin ƙafarsu ba. Ya kwanta a gurbin, ƙaya na sukan bayansa, iska na ratsa yagaggiyar rigarsa.

Inuwar ta matsa. Ya dubi barewar. Ta miƙe ba tare da wani fushi ba, ta matsa kaɗan, ta sake tono, ta sake kwanciya. Shi ma ya yi haka. Haka suka wuni. Da tsakar rana, inuwar ta tsuke, ya dunƙule jikinsa a gindin ƙayar har gwiwarsa na taɓa haɓa. Da ta miƙe gabas ya bi ta da rarrafe. Farcensa ya fashe, gemunsa ya cika da rairayi. Da rana ta yi ja ta sauka, ya waiga ya ga jerin gurabu sun zagaye rabin ƙayar, jikinsa kuwa bai ƙone ba.

Dariyar aljanu ta mutu. Magajiya ta ce a buɗe garke. Inuwoyi suka tashi duu suka yi kudu, hanya na warwarewa a gabansu. Guda ɗaya ce ta rage, siririya mai rassa da ƙayoyi, tana ta zagaye ba ta san inda za ta ba.

"Wannan ta aduwar da ka sare ce," in ji Magajiya. "Ba ta da itacen da za ta koma wa, kai kuma taka guntuwa ce ta rage. Za a ɗaura maka ita. Ka dasa wata aduwa a gurbin waccan. Kafin ta girma ta karɓi kayanta, kullum da zafin rana za ka je ka tsaya a wurin, 'ya'yana su kwanta."

Ranau ya buɗe baki zai ce aduwa fa ba ta saurin girma, sai ya tuna da wadda ke magana ya rufe. Jakadiya ta ɗaura masa inuwar a dunduniya. Ya ɗiba a guje, inuwar itace na bin sa a baya.

Ya isa Zangon Tama yana haki. Ya faɗa tsakar gida. Turakun ya fara gani, duka huɗun a tuge, an yi jifa da su gefe. Sai kuma jerin ƙananan gurabu a ƙasa, an tone su da hannu, sun yi rabin da'ira. A na ƙarshen Inna Hajo na kwance a dunƙule, kanta a ƙarƙashin guntuwar inuwar da ba ta fi faifai ba. Ƙafafunta sun yi bororo, leɓenta ya tsage. Ya durƙusa yana kiran sunan Allah, sai ya ga ƙirjinta na motsi.

Ya ɗaga kanta ya ba ta ruwa. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Mai rumfa, kai ne? Wane marar hankali ne ya kafe mini inuwa da turke? Na ji tana zafi tana kuka a kaina. Da ƙyar na tuge su, na ƙarshen sai da na sa haƙori."

Ranau ya sunkuyar da kai. Hawaye kawai yake yi, inuwar ɗakinta kuwa ta lallaɓo ta koma mazauninta, ta rufe su duka biyu.

Mutanen gari suka dawo, kasuwa ta ci, rumfuna suka sake yin sanyi. Ranau ya dasa ƙwallon aduwa a gindin kututturen, ya kewaye shi da ƙaya. Masu wucewa ta bayan gari da tsakar rana sun daɗe suna ganin abin mamaki: mutum tsaye cikin rana, gumi na ɗiga daga gemunsa, inuwar itace shimfiɗe a ƙafarsa, bareyi sun tone gurabu sun kwanta a ciki. Inna Hajo ta ce ita ma can za a riƙa kai ta, don iskar wurin ta fi ta ɗaki. Tsiron aduwar kuwa har lokacin bai kai masa gwiwa ba. In ƙuda ya dame shi, ko haushi ya taso masa ya fara sauya ƙafa, sai Inna Hajo ta ɗaga kai daga tsakiyar bareyin.

"Tsaya da kyau, mai rumfa. Kana girgiza mana inuwa."

Sai ya cije haƙori ya tsaya.